Abin da Aka Markaɗa wa Muftahu

Washegarin ranar da aka binne Muftahu, aka wayi gari da kaji uku matattu a bayan ɗakin girkin gidansu da ke unguwar Maamobi a Accra. Ƙanwarsa Wadia ce ta fara ganinsu da ta fito zubar da ruwan wanke-wanke. Suna kwance a bakin gota, ƙafafu a sandare, daidai inda ta juye dusar abeduru jiya da yamma. Dusar ta yi kwana biyu a rariya ba wanda ya tuna da ita, tun safiyar Litinin da aka markaɗa wa yayanta 'ya'yan itacen nan kore masu kama da ƙananan gauta, waɗanda mutanen Accra ke sha idan jini ya yi ƙasa.

Kafin wannan safiya kowa ya ɗauka zazzaɓin da Muftahu ya yi fama da shi a watan jiya ne ya dawo ya hau masa kai. Muftahu ɗan shekara ashirin da shida ne, makanike a Abossey Okai, ƙato, ba ya neman taimako wajen ɗaga giyabos. Ya sha kofinsa da hantsi, da azahar ya fara amai, kafin la'asar baƙin idonsa ya buɗe ya daina gane mutane. Yana ta nuna bakin ƙofa yana cewa a miƙa wa yayansa Saddique tawul, ga shi nan tsaye jikinsa sharkaf da ruwa. Saddique kuwa shekara tara ke nan da ya bi hanyar Libiya. Sau ɗaya ya kira daga bakin teku, daga nan ba a ƙara jin muryarsa ba. Sai ranar Talata aka kai Muftahu asibiti. Laraba da safe ya cika, aka binne shi bayan azahar.

Kajin nan suka sauya maganar unguwa. Kafin rana ta ɗaga an tuna cewa Zalia ce ke kawo wa gidan cefane daga Kasuwar Malam Atta, wata 'yar kayayo daga Walewale can arewa, mai ɗaukar kaya a ka. An kuma tuna ranar da babur ɗin Muftahu ya ture mata kwano a lungu, tumatir ya watse a gota, ta ɗaga kai sama ta yi doguwar magana da yarensu. Samari suka je kasuwa suka jawo ta. Da Malam Abdul-Hakim, limamin ƙaramin masallacin layin, bai tare su a hanya ba, da abin ya yi muni. Ya karɓe ta, ya sa ta a ɗakin ajiyar tabarmi, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar. Ya ce gobe Juma'a bayan addu'ar uku shi da kansa zai miƙa ta ga 'yan sanda, kafin nan duk mai son taɓa ta sai ya fara da shi. Sannan ya aika unguwar Nima a kira masa Baba Seidu.

* * *

Seidu ya haura sittin. Shekara talatin ya yi yana bin sawu a dazukan arewa: sawun giwa, sawun shanun sata, sawun mutanen da suka shiga daji ba su fito ba. Ciwon gwiwa ne ya kawo shi Accra wurin 'yarsa, ya zauna. Bai taɓa son garin ba, don siminti ba ya riƙe ƙafar kowa. Duk da haka idan an sace akuya ko babur a Nima, shi ake tunawa.

Ya fara shiga ya yi wa uwar mamacin gaisuwa. Mma Alima tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin mata, ta rame, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ba ta ɗago ba. Da aka gaya mata abin da ya kawo shi, sai ta ce a hankali:

"Abin da ya faru ya riga ya faru, Baba Seidu. A saki yarinyar nan ta tafi."

Matan suka yi ta jinjina haƙurinta.

A bayan ɗakin girki ya tsuguna da ƙyar, ya kwashi abin da kaji suka rage na dusar ya baza a kan faifai. Wadia ta kawo masa kwandon da sauran abeduru ke ciki. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, duk santsi gare su, duk na gaskiya ne. Amma a cikin dusar ɓawo iri biyu ne. Ɗaya mai santsi, ɗaya kuma yana da wani gashi-gashi mai laushi kamar ƙura, idan an murza shi yana tashi da warin kwalta. Ya daɗe yana shinshina yatsunsa. Ya san 'ya'yan itacen arewa, mai ci da mai kisa, har ya koya wa wasu. Wannan bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Ya tambayi Wadia wa ya markaɗa. Ta ce Mma ce, kamar kullum, ita lokacin tana ɗibar ruwa a famfo. Kwandon kuma tun Asabar yana ɗakin girki, ɗakin da ba shi da ƙofa, a gidan da ɗakunan haya goma sha ɗaya ne. Kowa zai iya zuba abu a ciki.

* * *

Zalia tana rakuɓe a bayan naɗaɗɗun tabarmi, leɓenta ya kumbura. Ba za ta wuce shekara ashirin ba. Da Seidu ya gaishe ta da yarensu na Mampruli sai ta fashe da kuka, don tun safe ba wanda ya yi mata magana da harshen da take iya kare kanta da shi.

Ta ce ranar Asabar ta sayo abeduru wurin Anti Ajuwa, inda take saye kullum, ta miƙa wa Mma Alima hannu da hannu. Maganar da ta yi ranar babur kuwa ba baki ta yi wa kowa ba, uwarta da ta rasu take kira, don ta san mai tumatirin ba za ta yarda da uzuri ba. Muftahu ma ya dawo daga baya ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ga wannan. Seidu ya tambaye ta ko ta san bayan unguwar. Ta ce daga kasuwa sai gidajen da take kai kaya, sai rumfar da suke kwana. Ba ta ma daɗe da dawowa ba, wata guda ta yi a gida wajen shuka, kwana goma ke nan da saukarta.

Da zai fita ta riƙe gefen rigarsa, ta koma Hausar Zongo don liman ya ji. "Baba, ni kaya kawai na ɗauka. Idan polis ya kama ni, ba wanda zai zo."

* * *

Anti Ajuwa tsohuwa ce 'yar Kwahu, shekara arba'in tana sayar da ganye da abeduru a Kasuwar Malam Atta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Nima. Ta riga ta ji labari, ta tarbe shi da faɗa, ta ce idan sharri aka aiko shi ya ɗora mata ya koma. Ya buɗe ƙullin takardar da ya zubo dusar a ciki ya miƙa mata. Ta murza ɓawon, ta kai hanci, sai faɗan ya tsaya. Ta tofar da yawu gefe, ta goge hannu da zaninta har sau uku.

Ta faɗi sunan itacen da yarensu na Twi, sunan bai zauna masa a kai ba. Ta ce a ido ɗan'uwan abeduru ne, amma abeduru yana da ƙaya, ganyensa mai tsage-tsage, wannan kuwa ba ƙaya ko ɗaya, ganyensa dogo mai laushi kamar karan-miski, 'ya'yansa suna tsayawa sama a dunƙule. Yana son juji da gidan da aka watsar. Idan 'ya'yan sun nuna sun yi rawaya tsuntsaye na ci ba abin da ke samunsu, shi ya sa yara ke ruɗuwa. Yaron da ya ci rawayan zai yi amai, ya ga abin da ba kowa ke gani ba, bayan kwana uku ya tashi. Ta ga haka a ƙauyensu ba sau ɗaya ba.

Seidu ya tambaye ta ɗanyen fa, kore.

"Kore na ga ya kayar da saniya," in ji ta. "Masu kawo mini kaya ba za su haɗa shi da abeduru ba ko suna barci, warin kaɗai ya isa. Wanda ya sa wannan a kwando, da hannunsa ya je ya tsinko."

* * *

Ya yi tunanin mai tsinkowa ba zai yi nisa ba. Bayan azahar ya bi gefen babbar gota ta bayan Maamobi yana dogara sanda, yana leƙa duk filin da ciyawa ta ci. Biyu na farko ba komai sai leda da gwanda. Na uku wani bene ne da aka fara aka bari tun da daɗewa, bulonsa ya yi baƙi, ƙarafa sun miƙe sama sun yi tsatsa. A jikin bangon yamma itacen yake, ya fi mutum tsayi. Warinsa ya riga shi isowa.

A fili ruwan sama ya wanke komai. Amma a ƙarƙashin rufin kankaren benen, inda feshin ruwa ke jiƙa jar ƙasa ta bushe ta riƙe abin da ya taka ta, akwai abin karantawa. Ya ga sawun takalman makanikai guda biyu, manya, da ɗigon baƙin mai da guntayen sigari. Mai suyar ƙosai da ke bakin hanya ta riga ta gaya masa cewa Muftahu da abokinsa Habib kan zauna a nan, kuma Juma'ar da ta wuce an ji su suna faɗa har da cin kwala. Seidu ya so ƙwarai a ce takalman nan ne amsar. Ya bi su gaba da baya. Ba ɗaya da ya matsa kusa da itacen, taku goma ne tsakani.

Wanda ya je gindin itacen silifa ya sa, ƙarama, ƙafar hagu tana buɗewa waje, nauyi yana kan dunduniya, tafiyar mai ciwon ƙugu. Kuma sau biyu ya zo. Sawu ɗaya sabo ne, gefensa bai farfashe ba. Ɗayan ya tsufa, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsa.

Ya ɗaga kai ya duba rassan. Wurare shida an tsinke dunƙulen kore, bakin karan bai gama bushewa ba, bai fi kwana biyar ba. Can ƙasa ta gefen da rana ke bugu, inda 'ya'yan ke riga nuna, akwai wani kara ɗaya da ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ya kai sati uku. Tsohon sawun daga nan ya tafi wurin wani bulo da ke kwance a inuwa, ya juya, dunduniyoyi biyu suka nutse. Zama aka yi. A gaban bulon ya ga ɓawo busassu, rawaya, an tsotse an tofar. Ya ƙirga su da bakin sandarsa. Bakwai.

Ya zauna a kan bulon. Ana jin hon ɗin trotro, motocin haya, daga titi. Mai son kashe mutum ba ya zama ya ɗanɗana dafin da bakinsa. A shekarunsa na daji sawun da ya fi tsoro ba na zaki ba ne, sawun da zai yi ta bi sai ya ga ya karkata ya nufi garin da aka aiko shi daga ciki. Wannan ya fita ta ɓarakar katanga ya nufi lungun su Muftahu, siminti ya haɗiye shi.

* * *

Ya sami Habib a Abossey Okai a ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, ba aikin yake ba, kwance kawai yake da sifana a hannu. Da ya fito idanunsa jajaye ne. Bai ɓoye komai ba. Ya ce shi da Muftahu sun shirya tafiya, motar Yamai ta ranar Laraba, daga can Agadas, daga can abin da Allah ya yi. Shekara guda suna shiri. Ranar Juma'a a kangon nan ne Muftahu ya ce masa ya fasa.

"Baba, na zage shi," in ji Habib. "Na ce shi matsoraci ne. Wannan ne magana na ƙarshe da na gaya mishi a duniya."

Seidu ya tambayi dalilin fasawar. Habib ya ce saboda Mma Alima ne. Wata biyu tana roƙonsa, tana kuka, tana tuna masa Saddique, har ta haɗa shi da liman, duk bai ji ba. Sai da ta yi wani ciwo kwanakin baya ya ga yadda ta koma, shi ne jikinsa ya yi sanyi. Muftahu ya ce ba zai gaya mata ba sai ya tabbatar maigidansa na gareji zai mayar da shi aiki, don ya haɗa mata albishir biyu. Ko ya samu ya gaya mata, Habib bai sani ba.

Wane irin ciwo ta yi, Seidu ya tambaya, kuma yaushe. Habib ya ce a tambayi Wadia, ita ta yi jinya.

* * *

Juma'a da sassafe ana kafa rumfa ana jera kujerun roba, ya sami Wadia tana wanke shinkafar sadaka. Ya taya ta hira kamar mai rage mata zafi, har ya kawo maganar. Ta ce ai sati uku ke nan. Mma ta fita da rana ba ta faɗi inda za ta ba, ta dawo ta kwanta, can sai amai. Idonta ya buɗe ya yi baƙi ƙirin, ta riƙa magana da Saddique tana tambayarsa me ya sa bai cire rigar da ta jiƙe ba. Ta hana a kai ta asibiti, ta ce kwana uku ne za ta tashi. Kwana ukun kuwa ta tashi.

Wadia ta tsaya da hannu a cikin ruwan shinkafa. Ya ga lokacin da maganar da ta fito daga bakinta ta koma kunnenta. Ba ta dube shi ba, shi ma bai ƙara tambaya ba.

A ƙofar ɗakin Mma Alima takalman mata sun fi ashirin. Bai taɓa ko ɗaya ba. Akwai wata shuɗiyar silifa ƙarama a gefe, dunduniyar hagu ta cinye ta waje, jar ƙasa ta maƙale a ramukan tafinta.

* * *

Bayan an shafa addu'a jama'a sun ragu, liman ya tsayar da waɗanda Seidu ya ambata. Aka fito da Zalia. Habib yana nan, Anti Ajuwa ta zo gaisuwa ta zauna, ga dattawan gida uku, ga Wadia kusa da uwarta. Samarin da suka jawo Zalia suka cika bakin ƙofa.

Seidu ya ajiye rassa biyu a kan benci, ɗaya mai ƙaya, ɗaya mai laushi. Ya bar su suka zagaya hannu, kowa ya shafa ya shinshina. Ya bayyana bambancinsu yadda Anti Ajuwa ta koya masa, ya ce kada wanda ya ƙara ganin tsuntsu na cin abu ya ɗauka mutum ma zai iya. Ya faɗi inda itacen yake. Ya ce ba daga kasuwa aka kawo shi ba, don wurin da aka tsinke yana nan a jikin reshe. Ya ce takalmin Habib bai je gindinsa ba. Ya ce ƙafa ɗaya ce ta je sau biyu, zuwan farko sati uku da suka wuce, lokacin Zalia tana Walewale tana shuka, kuma akwai mata goma a rumfarsu da za su shaida ranar da ta sauka.

Wani daga bakin ƙofa ya tambaya to ƙafar wa ce. Seidu ya ce aikin da liman ya ba shi ya gama, yarinyar nan ba ta da hannu, sauran magana tsakaninsa da liman ce. Niyyarsa ke nan tun daga gida. Samarin suka fara gunaguni, ɗaya ya ce wayo ne irin na 'yan arewa, suna kare junansu.

"Bakwai na ci."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Mma Alima ta janye mayafin daga fuskarta. Ba ta kalli kowa ba sai reshen nan mai laushi.

"Na zauna a kan bulo na ci bakwai, don in san abin da zan ba ɗana. Tun muna yara na san yana kwantar da mutum ya tashi. Kwana uku na yi. Kwana ukun nan kawai nake nema, motar Laraba ta tafi ta bar shi."

Liman ya kira sunanta a hankali, kamar mai son ta dakata. Ba ta dakata ba. Ta ce da ta koma ranar Lahadi ta ga idan ta sa rawaya zai gane a launi, sai ta tsinki kore, ta ɗauka duk ɗaya ne. Ta ƙara yawa saboda girman jikinsa. Ta zuba madara da yawa don warin.

Habib ya miƙe. Seidu ya san abin da zai faɗa, ya kama wuyan hannunsa ya matse. Matar nan ta ɗauki abin da ya ishe ta, ba sai an gaya mata ɗan ya riga ya fasa ba. Amma ta ga hannun.

"Sake shi, Baba Seidu. Na sani." Ta mayar da idonta kan reshen. "Muftahu ya shanye, ya ajiye kofin, ya goge baki da bayan hannu. Ya ce, Mma, zauna in gaya miki wani abu, na fasa tafiyar, Litinin mai zuwa zan koma gareji. Yana dariya yana jira in yi murna."

A waje mai sayar da ruwan leda ta wuce tana kira.

Ta ce a lokacin kofin yana hannunta, da ta buɗe baki da an kai shi asibiti tun bai fara amai ba. Amma ta ji tsoron idan ya san abin da ta yi zai tafi tafiyar da ba roƙon da zai dawo da shi. Ta ce wa ranta kwana uku ne, zai tashi, ba wanda zai sani. Ta zauna a kansa tana ƙirga sa'o'i. Da ya fara kiran Saddique ma hankalinta ya ɗan kwanta, don ita ma ta gan shi kuma ta tashi. Ranar Talata likita ya tambaye ta har sau biyu ko ya ci wani abu, ta ce a'a.

Sannan ta juya wajen Zalia. Ta ce jiya tana ji ana janta a lungu, tana jin kukanta, ta kasa tashi. Ta roƙe ta gafara. Zalia ta dube ta da kumburarren leɓenta, ta daɗe tana dubanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tambayi liman inda aka ajiye kwanonta. Da aka kawo ta ɗora a ka ta nufi ƙofa, samarin suka dare mata hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

* * *

Dattawan gidan sun so a rufe maganar. Ɗaya ya ce uwa ce, kuskure ne, hukuncin da ke cikin ƙirjinta ya fi na kowace kotu. Liman yana ta jan carbi. Mma Alima ce ta raba gardamar, ta ce idan ba a kai ta wurin 'yan sanda ba za ta kai kanta, don ba za ta iya ƙara kwana a ɗakin nan ba, su biyu ne yanzu suke tsayawa a bakin ƙofa, Saddique da Muftahu.

Bayan an sauko daga Juma'a ta yi wanka ta sa tufafi masu tsabta. Liman ya tsaya a gaba, Seidu a baya da sandarsa. Mutanen layin suka shige ɗakunansu, aka bar lungun fayau kamar ba ranar Juma'a ba. Wadia ta biyo su da ƙullin zani da buta, tun safe ba ta ce uffan ba.

A bakin titi, kafin su tari tasi, Mma Alima ta tsaya. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata tsohuwar ƙaramar waya, lambobin jikinta sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Seidu bai taɓa ganin irinta ba tun zuwansa Accra. Ta kama hannun 'yarta ta sa mata a tafi, ta naɗe yatsunta a kai. Ta ce wannan lambar ce Saddique ya sani, shekara tara ba ta bari ta mutu ba ko na yini ɗaya, can kuma za su karɓe. A riƙa yi mata caji, kada a ba kowa aro.

Wadia ta buɗe baki a karo na farko. Ta tambaya idan ya kira me za ta ce masa.

Mma Alima ta dubi motocin da ke wucewa.

"Ki ce muna nan lafiya," in ji ta. "Idan ya tambayi ƙaninsa, ki ce bai tafi ba. Yana gida."